Saura kwana 19 tseren Legas, ga bikin 'yata a tsakiya: in rama dogon gudun da na rasa ko in haƙura?

Baban Hafsa:
Assalamu alaikum 'yan gida. Na daɗe ina karanta ku ban taɓa cewa uffan ba, yau dai dole ta sa.

Shekarata 58, ma'aikacin gwamnati ne a nan Kano, saura shekara biyu in yi ritaya. Na fara gudu shekara shida da suka wuce, lokacin da likita ya ce hawan jini ya fara leƙo ni, ga tumbi kamar na haɗiyi tulu. A farkon nan ko ƙarshen layinmu ban isa kaiwa sai na dafa katanga ina haki. Bana na yi ƙundunbala na yi rajistar gudun fanfalaki na Legas, cikakken kilomita 42 ɗin. Wata huɗu ke nan ina shiri. Sau huɗu nake fita a mako, da an sallame asuba, ranar Lahadi kuma in yi dogon. Mafi tsawon da na yi kilomita 30 ne, mako biyu da suka wuce, cikin awa 3 da minti 40.

Jiya ya kamata in yi na ƙarshe, kilomita 32, daga nan in fara sassautawa. Sai mura ta kwantar da ni tun Alhamis, ban yi ba. Asabar mai zuwa kuma ɗaurin auren 'yata ta biyu, kun san abin da wannan ke nufi. Abin da nake saƙawa shi ne washegarin ɗaurin auren, ranar Lahadi, in tashi in rama 32 ɗin. Zai kasance saura kwana 13 ke nan. Zuciyata ta ƙi yarda in je Legas alhali akwai kilomita 12 da ƙafata ba ta taɓa takawa ba. Me kuka gani?

Sajan Mai Ritaya:
Wa'alaikumus salam Alhaji. Ka yi abinka. Jiki ɗan lallaɓa ne, in ka sake masa mako uku zai manta da kai. Mu a Depot na Zariya da kaya a baya muke gudu, babu wanda ya taɓa ce mana wai a sassauta. Kwana 13 ya isa mutum ya warke daga komai.

Ɗan Pankshin:
Sajan, da girmanku, amma shekararku nawa lokacin da kuke Depot? Ashirin? Baba yana da 58 kuma yanzu ya tashi daga ciwo.

Baba, kada ku yi. Ni gudu ne sana'ata, a nan Filato muke atisaye, kuma ko mu da muke neman kuɗi da ƙafa ba ma yin dogon gudu mai nauyi irin wannan ana saura kwana 13. Amfanin dogon gudu ba ranar da aka yi shi yake shiga jiki ba. Ranar ɓarna kawai yake yi, tsoka ta tsattsage ƙanana-ƙanana, sai a cikin makonni biyu zuwa uku jiki ya gyara ya ƙara ƙarfi. In kun yi 32 ranar Lahadin nan, gajiyar za ta bi ku Legas, amfanin kuma sai kun dawo Kano zai iso. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kilomita 12 ɗin da ke damun ku, kusan kowa da haka yake zuwa. Yawancin tsare-tsaren atisaye a 30 zuwa 35 suke tsayawa. Hutun da za ku yi da jama'ar da ke kan titi su ne za su cike ragowar.

Kawu Na-Allah:
Ni fa tambayata daban ce. Dattijo mai aurar da 'ya, surukai na kallo, ya sa gajeren wando yana tsere a titin Legas da yara sa'o'in jikokinsa? Me ake nema? In motsa jiki ne ai tafiya zuwa masallaci sau biyar ta isa. Sunan abin ma da Hausa gudun yada ƙanin wani, tun daga sunan ka san ba na manya ba ne.

Baban Hafsa:
Kawu, na gode da tunatarwa. Wandona yana wuce gwiwa, tun farko na kula da wannan. Maganar surukai kuwa, angon ma ya taɓa bi na gudu sau ɗaya, a kilomita 4 ya tsayar da a-daidaita-sahu ya koma gida. Har yanzu in mun haɗu ƙasa yake kallo.

Malamin Lissafi:
Kawu, bari in ba ka labarin wasu dattawa. Akwai wani mutumin Kanada, Ed Whitlock, a 2003 yana da shekara 72 ya gama gudun fanfalaki ƙasa da awa 3, shi ne mutum na farko da ya haura 70 ya yi haka. Yana da 85 ya sake yi a Toronto ƙasa da awa 4. Akwai kuma Fauja Singh, ɗan asalin Indiya da ya zauna a Ingila, wanda ya gama na Toronto a 2011 ana lissafa masa shekara 100, da rawaninsa da farin gemunsa. Alhaji a wajensu ai yaro ne.

Sannan Alhaji ka gyara lissafinka, ba 42 cif ba ne, akwai ƙarin mita 195. Tun gasar Olamfik ta Landan a 1908 aka yi wannan tsawon, daga fadar Windsor zuwa filin wasa, aka tabbatar da shi a matsayin ƙa'ida a 1921. Wanda ya taɓa yi zai gaya maka mita 195 ɗin nan ta fi kilomita goman farko tsawo.

Kawu Na-Allah:
Malam, kai kullum sai ka kawo mana Turawa. To Allah ya ba da sa'a, ni dai na faɗi tawa.

Likitar Gashi:
Baba, ina wuni. Aikina gashin ƙashi da jijiyoyi, kuma 'yan gudu na zuwa wajena, yawanci a daidai irin wannan lokacin. Ina tare da Ɗan Pankshin, amma akwai abin da ba a taɓo ba.

Ku kuna lissafin ranar bikin a matsayin ranar hutu saboda ba ku yi gudu ba. Ƙafarku ba haka za ta lissafa ba. Uban amarya tun safe yake tsaye. Ku tari waɗannan, ku raka waɗancan mota, ku durƙusa wa dattawa ku miƙe, ku zauna kan tabarma ku tashi, sau nawa? Ga takalmin fata mai tauri. Ga ba barci tun daga ranar kamu. Ga ruwa ba za ku tuna ku sha ba sai lemon kwalba. Wanda ya yi wannan yinin ya tashi washegari ya ɗora kilomita 32 a kai, agara ko sharaɓa ce za ta biya, kuma a shekarunku jijiya ba ta warkewa da saurin da take yi wa ɗan 25.

Ina da tambaya biyu. Murar ta sauka ƙirji ko a hanci ta tsaya? An yi zazzaɓi? In akwai zazzaɓi ko tari mai fitowa daga ƙirji, ba a gudu sam sai an warware, domin wasu ƙwayoyin cutar kan taɓa tsokar zuciya. Na biyu, likitan da ke duba hawan jininku ya san za ku yi kilomita 42 a zafin Legas? Wasu magungunan suna sa yawan fitsari, wasu suna rage bugun zuciya, duka suna da tasiri a dogon gudu. Kada ku daina kowane magani da kanku, ku je ya auna ku, ya yi gwajin zuciya, ya faɗi nasa.

Baban Hafsa:
'Yata Allah ya yi miki albarka. A hanci ta tsaya, ba zazzaɓi, yau ma na ji sauƙi sosai. Likita ya san ina gudu, amma gaskiya ban gaya masa tsawon ba, tsoro nake kada ya hana. Zan je Laraba in sha Allah.

To in ban yi 32 ba me zan yi? Zama kawai?

Ɗan Pankshin:
A'a Baba, sassautawa ba zama ba ne. Tsawon ake ragewa, ba a daina fita, ba a kuma rage saurin da aka saba. Da ni ne ku: wannan makon ku fita sau uku, kilomita 6 zuwa 8 a hankali tunda kun tashi daga mura. Lahadin bayan biki ku kwanta ku yi barci. Litinin ko Talata in jiki ya saki ku yi 16 zuwa 18, shi ne dogonku na ƙarshe. Lahadin da ke biye 10 ko 12. Makon tseren kuwa 5 ranar Talata, 4 ranar Alhamis, a cikin kowanne ku ɗan taka da saurin da kuke niyyar yi a Legas na mintuna kaɗan don ƙafa ta riƙa tunawa. Shi ke nan.

Sajan Mai Ritaya:
Kilomita 4! Wannan ai zuwa sayen goro ne. Yaran zamani kun mai da komai lissafi. Abebe Bikila na Habasha ba takalmi ya ci zinare a Rum a 1960, wa ya rubuta masa jadawali?

Ɗan Pankshin:
Yana da koci fa Sajan, mutumin Suwidin ne. Shi Bikila kuma soja ne kamar ku, a rundunar tsaron Sarki Haile Selassie yake.

Sajan Mai Ritaya:
To ka ga ni. Soja ne.

Maman Ilham Abuja:
Alhaji, ni 52 nake, na yi wannan tseren sau biyu, bari in gaya maka abin da ba sa faɗa. Wahalar makonnin sassautawa ba a ƙafa take ba, a ka take. Wata huɗu ka saba da gajiya, rana ɗaya an cire maka ita, sai ƙwaƙwalwa ta fara ƙirƙiro ciwo. Ni a karon farko gwiwar hagu ta fara mini zogi ana saura kwana tara, gwiwar da ba ta taɓa cewa komai ba. Na kwana ina kuka na ce shi ke nan. Ranar tsere ko tunawa da ita ban yi ba.

Abin da ya kusa kashe ni da gaske daban ne. Da na ga ƙarfi ya yi mini yawa na rasa inda zan kai shi, sai na ce bari in gyara sito. Na ɗaga buhun shinkafa, ƙugu ya riƙe, kwana uku ina sallah a zaune. Don haka kai da ke da biki a gida, ka yi nesa da jere. Gado, kujeru, firiji, buhunan gara, ka bar wa samari. Za ka ji kamar za ka iya ɗaga mota, kada ka yarda da wannan jin.

Kuma ka gargaɗi Hajiya tun yanzu cewa za ka yi saurin fushi. Maigidana har yau yana kiran makonnin nan da lokacin da aljanuna ke tashi.

Likitar Gashi:
Haka ne Anti. Ƙari a kai, Baba in kun hau sikeli kuka ga kilo ɗaya ko biyu ya ƙaru kada hankalinku ya tashi. Jiki yana tara sukarin da tsoka ke ajiyewa don aiki, kuma kowane giram nasa yana riƙe ruwa kusan giram uku. Wannan ajiyar ce ke ƙarewa wajen kilomita 30 zuwa 35 mutum ya ji kamar an zare masa laka. Ita ake so ta cika maƙil kafin ranar.

Ɗan Agege:
Alhaji sannu da shiri. Duk kuna maganar ƙafa, ni a nan aka haife ni, bari in yi maganar gari. Kai a hunturun Kano ka yi atisayenka, ka fita da asuba da rigar sanyi da hular sanyi, gumi na fitowa iska na shanyewa. Legas a Fabrairu ba haka take ba. Iskar jiƙaƙƙiya ce, gumi ba ya bushewa, zuba kawai yake har cikin takalmi ka ji yana caɓal-caɓal. Tun 2016 da aka fara tseren mutanen Kenya da Habasha ke lashewa, amma ko su ba sa yin lokacin da ake yi a Balin ko Chicago. Wanda ya ci na farko, Abraham Kiptum, awa 2 da minti 16 ya yi.

Shekarun da na yi, daga babban filin wasa na Surulere ake tashi wajen shida da rabi na safe, a hau gadar Third Mainland, a ƙare a Eko Atlantic. Ka duba hanyar bana da kanka don ana iya sauyawa. Gadar nan kusan kilomita 12 ce, ba bishiya ba rumfa, ruwa hagu ruwa dama, ka yi ta gudu kamar ba ka motsi. Da saurinka zai kai wajen sha biyun rana kafin ka gama, wato awanni biyun ƙarshe da rana za ka yi kokawa. Ka rage saurin da ka saba tun daga farko, aƙalla daƙiƙa 20 zuwa 30 a kowace kilomita. Ka sa hular hana-sallah mai haske. Ka shafa basilin a matsematsi da hammata, ka liƙa filasta a kan nono, in ba haka ba jiƙaƙƙiyar riga za ta goge su har jini, ba wasa nake ba.

Asuba a nan wajen shida saura take yi, ka zo da alwalarka, za ka tarar da 'yan uwa suna sallah a gefe.

Da me za ka zo?

Baban Hafsa:
Da motar dare na yi niyya, in taso Alhamis da yamma. Biki ya cinye aljihu.

Ɗan Agege:
Haba Alhaji. Kusan kilomita dubu a naɗe cikin kujera, ka sauko ƙafa ta kumbura kamar doya, washegari ka yi tsere? In jirgi ya gagara ka taso Talata, ka samu kwana biyu jikinka ya ɗanɗani zafin garin. Duk inda aka tsaya ka sauka ka taka. Masauki kada ya dame ka, a Agege baƙon Kano ba ya kwana a waje.

Ummu Sudais:
Ni ba na gudu, karatu kawai nake, amma Baba kuna azumin Litinin da Alhamis? Mahaifina na yi, shi ya sa na tuna.

Baban Hafsa:
Ina yi 'yata, shekara da shekaru. A kwanakin nan da yamma nake ɗan takawa dab da magariba, ko in huta.

Likitar Gashi:
Ta ɓangaren jiki kawai zan yi magana, hukunci na malamai ne. Kwana biyu zuwa uku na ƙarshe su ne na cika ajiyar nan da na faɗa, shinkafa, tuwo, taliya, dankali, doya, kunu, da ruwa a kai a kai har fitsari ya yi haske. Alhamis ɗin ƙarshe tana tsakiyar wannan.

Malamin Lissafi:
Nafila ce, wanda ya bar ta rana ɗaya don uzuri babu laifi a kansa. Ga shi ma matafiyi ne a ranar.

*

Baban Hafsa:
'Yan gida, an ɗaura, an kai amarya, alhamdu lillahi. Na gode da addu'o'i.

Likitar Gashi, kamar kina wurin. Agogon hannuna ya lissafa mini taku dubu ashirin da wani abu ranar Asabar, ban yi gudun ko taku ɗaya ba. Na yi dabara ɗaya: kambas ɗina na gudu na sa a ƙarƙashin babbar riga. Shadda fara ƙal ta sha aiki, a ƙasa kuma takalmi ruwan lemo mai ƙyalli. Na ɗauka rigar ta rufe, ashe duk lokacin da na durƙusa gaida wani sai ya leƙo. Yayata ta ja ni gefe ta ce in don Allah ne in je in canza kafin masu hoto su zo, na ce mata likita ce ta rubuta. Duk hotunan yanzu da shi a ciki.

Ranar Lahadi na farka ƙarfe huɗu da rabi kamar yadda na saba, na zauna bakin gado ina kallon takalmin. Wallahi saura kaɗan. Da na miƙe sai na ji dunduniyar dama kamar na taka ƙusa, sharaɓa kuma kamar itace. Na yi sallah na koma na kwanta, sai goma na tashi. Jiya Talata na yi 16, daga gida na bi titin BUK na dawo, hazo ya rufe gari har fitilun motoci ba a gani sosai. Ƙafa ta yi nauyi a biyar ɗin farko, daga baya ta saki.

Likita ya yi gwajin zuciya ya ce lafiya, ya yi mini faɗan ɓoye masa da na yi, ya ce in ci gaba da maganina yadda nake sha, kuma in na ji ciwon ƙirji ko jiri ko numfashi ya sauya in tsaya nan take in nemi masu agaji.

Sajan Mai Ritaya:
Allah ya ba su zaman lafiya. Ni dai har yanzu da ni ne da na yi 32 ɗin. Amma kambas da babbar riga, wannan na sara maka.

Kawu Na-Allah:
Ai na faɗa. Allah ya sanya alheri.

Likitar Gashi:
Madalla Baba. Dunduniyar nan ku lura da ita. In da safe ne kawai take yi ta saki bayan 'yan takun farko, ku riƙa murza tafin ƙafar a kan gorar ruwa mai ƙanƙara minti goma da yamma, ku miƙar da sharaɓa a jikin bango. Kada ku je a yi muku tausa mai ƙarfi a makon ƙarshe. Abu mafi muhimmanci, kada ku sha ibuprofen ko diclofenac kafin tsere ko a cikinsa don kashe ciwo. Ga zafi, ga rashin ruwa a jiki, ga hawan jini, ƙoda ce ke shan wuya. Ruwa kuma ku sha daidai ƙishi, kada ku yi ta ɗura a kowace tasha, yawansa ba tare da gishiri ba yana tsinka gishirin jini, kuma masu daɗewa a hanya irinku ya fi kamawa. Ku haɗa da ruwan gishiri da sukari.

Maman Ilham Abuja:
Kuma ba sabon abu ranar. Ba sabon takalmi, ba sabuwar safa, ba wani jel na ƙara ƙarfi da wani zai miƙo maka a hanya in ba ka taɓa sha ba. Me kake ci a dogon gudunka?

Baban Hafsa:
Dabino, Hajiya. Guda biyu duk bayan minti 40, na cire ƙwallon tun a gida na ƙulle a leda. Kafin in fita kuma koko da burodi.

Maman Ilham Abuja:
To shi za ka kai Legas. Daren Juma'a kada 'yan Agege su karrama ka da miya mai yaji, ka ce a ba ka farar shinkafa.

Ɗan Agege:
Hajiya kin ɓata mini shiri, har na yi maganar ewa agoyin, waken nan mai miyar yaji.

*

Baban Hafsa:
Saura kwana huɗu. Maman Ilham, gwiwata ta fara, ta hagu ita ma. Jiya na yi wa ƙaramin ɗana faɗa a kan murfin buta, Hajiya ta dube ni ta ce in tafi Legas ɗin nan tun yau a huta. Ashe da gaske take, ita da 'yan uwanta sun haɗa mini kuɗin jirgi daga abin da ya ragu na gudummawar biki. Alhamis da safe zan taso.

Na yi 5 ɗina ɗazu, na dawo ko gumi ban yi ba, mai shayin bakin layi yana tambaya ko lafiya yau na dawo da wuri. Ɗan Pankshin, anya 4 ɗin ta Alhamis ba za ta zama 8 ba?

Ɗan Pankshin:
Huɗu, Baba.

Ɗan Agege:
Turo mini lokacin saukarka ta akwatin sirri, zan sa yaro ya tare ka. Ka taho da dabinon da yawa, mu ma muna so.